Yadda Muka Auna Kwamfuta da Awon Famfo

Ni mutum ne da ba ya saurin yarda. Tun ina ƙarami a Bakura, in aka aike ni sayen gero, sai na kife tiyar mai awo na duba gindinta, ko an buge shi ciki don ta rage ci. Mutane suna kiran wannan hali mugun zato, ni kuwa ina kiransa buɗe ido. Na daɗe ina taƙama da shi, har shekarar da aka kawo kwamfuta ofishinmu a Talata Mafara.

Ofishin na wata ƙaramar ƙungiyar manoman rani ne, ɗaki biyu da baranda, a shekarun farko bayan an raba mu da Sakkwato. Aikinmu riƙe sunayen masu gonaki a ƙarƙashin ruwan dam: wane ne ke da wane fili, a kan wace magudana, kuma ranar wa ce ta ban ruwa. Mu biyu ne masu buga takardu, ni da wata abokiyar aikina, mace mai haƙuri wadda ba ta shiga abin da ba ruwanta. Da keken rubutu muka saba. Sai aka yi wa ƙungiya kyautar kwamfuta biyu, iri ɗaya, cikin kwali iri ɗaya, aka sauke su rana ɗaya. Aka ba ni ɗaya na sa hannu, aka ba ta ɗaya ta sa hannu. Manoma daga Dakko da sauran ƙauyuka sukan leƙo ta taga su kalle mu, ni kuma in ƙara gyara zama.

Mutum ɗaya ne a garin yake da ƙarfin halin buɗe cikin irin wannan na'ura. Kirista ne, ya zo yana saurayi lokacin ginin dam a matsayin mai aikin lantarki, aiki ya ƙare bai koma ba. Ya yi aure, ya haifi 'ya'yansa a nan, Hausar bakinsa ta zama tamu har ba ka rabe shi da ɗan gari. Yana da shago kusa da tasha, yana gyaran rediyo da fanka da talabijin. Kowa Injiniya yake ce masa. Ba shi da gona, ba shi da dangi a ƙasar. Abin da ya mallaka shi ne mutane suna ajiye kayansu a shagonsa su tafi gida hankali kwance.

Wata rana janareta ya yi wani irin tari, kwamfutata ta ɗauke. Aka ɗora ta a babur aka kai wa Injiniya. Kwana huɗu ta yi a wurinsa. Ni dai tun a ranar farko ban so hakan ba, don ban ga dalilin da gyara zai ci kwana huɗu a bayan idon mai abu ba. Da ya dawo da ita ya ce wani abu ne ya ƙone a akwatin wutarta, sai da ya je Gusau ya samo. Ya haɗa ta, ta tashi, aka yi masa godiya ya tafi.

Washegari da safe na sha aiki da manoma, suna dangwala yatsa a katin ƙungiya, ni ne mai riƙe musu tawada ina kama hannunsu ina dannawa. Da na gama na juya ga kwamfuta, sai na ga wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa tana ci a gabanta. Ban taɓa ganin ta a kunne ba. Duk wanda ya tashi a gefen injinan ban ruwa ya san ma'anar irin wannan fitila: ko mai ya yi ƙasa, ko inji ya yi zafi. Na duba ta abokiyar aikina, amma tata tana ƙarƙashin tebur, an jingina mata kwalin takardu a gaba. Ban so in tambaya ba, don kada a ce ni na lalata abin da aka gyara jiya. Akwai wani maɓalli a ƙarƙashin fitilar. Na sa babban yatsa na danna shi da ƙarfi, fitila ta mutu, na'ura ta ci gaba da aikinta. Na yi hamdala, na manta da maganar.

A cikin makon nan na fara lura kwamfutata ta yi nauyi. In na ce ta buɗe jerin sunaye, sai ta tsaya kamar mai tunanin abin da za ta ci. In na ce ta jera su bisa haruffa, har in miƙe in sha ruwa a randa in dawo ba ta gama ba. Abokiyar aikina kuwa tana gama nata ta ɗauki jakarta. Na fara lissafi a zuciya. Kafin a kai ta shago lafiyarta lau. Bayan ta dawo ta zama haka. Tsakanin nan da can, hannun mutum ɗaya ta shiga.

Na taɓa jin Injiniya da bakinsa yana bayani, ranar da aka fara haɗa su. Ya ce a ciki akwai wani ɗan abu mai faɗin akwatin ashana, sunansa furosesa, shi ne ƙwaƙwalwar na'ura, shi ke yin duk lissafin. Ya ce akwai mai sauri akwai mai nawa, kuma ana ciro shi a sa wani. Wannan magana ta ƙarshe ce ta dawo mini. Mutum ya je Gusau da na'urarmu a hannunsa. Me zai hana ya cire mai kyau ya sayar, ya sa mana tsoho? Wa zai gane? Mu da ko murfin ba mu iya kwancewa.

Ban kai maganar ofis da farko ba. Majalisarmu na kai ta, gindin dalbejiya bayan la'asar. Kuma na yi ta da wayo, irin wayon da nake jin kunyarsa yanzu. Na ce ni ban ce ya yi sata ba, amma dai abu ya tafi da gudu ya dawo da rarrafe. Na ce kowa ya riƙa duba cikin rediyonsa. Aka yi dariya. Kafin kasuwar Talata ta zagayo, wani mai shayi ya tare ni yana ba ni labari, wai Injiniya yana kwashe ƙwaƙwalwar kayan mutane yana kaiwa Gusau. Na girgiza kai na ce duniya ta lalace, kamar ba daga bakina ta fito ba.

Maganar ta kai kunnen sakataren ƙungiya, ya kira ni. Dattijo ne mai son a yi abu bisa ƙa'ida. Ya ce, "Malam, maganag ga da ni ka ji, kana da shaida?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, shaidata na'ura ta. Ku zo ku gani da idonku."

Ya ce to za a gwada. In ta tabbata an taɓa ta, ƙungiya ta gama da Injiniya, kuma za a kai maganar gaban hukuma. Na san abin da wannan ke nufi ga baƙo mai shago a gari irin namu, amma a lokacin daɗi na ji.

Matsalar ita ce ba wanda ya san yadda ake auna gudun kwamfuta. Aka jawo su biyu aka ɗora a tebur ɗaya, 'yan kwamiti suka kewaye. Wani ya kara kunne yana sauraron ƙarar fankar da ke cikinsu, ya ce tawa ta fi rauni. Wani ya kara nasa ya ce ƙarya ne, tawa ta fi ƙarfi. Wani ya dafa bayansu yana jin ɗumi. Ma'ajin ƙungiya, wanda dillalin shinkafa ne, ya ɗaga kowace ya jinjina, ya ce tawa ta fi sauƙi, lallai an cire wani abu. Na so wannan hukunci ƙwarai, sai dai da aka sa shi ya rufe ido aka sake miƙa masa, ɗayar ya nuna.

A baranda akwai wani tsoho da muke kira Baba, mutumin Damaga ta wajen Maradun. Ya yi shekaru yana makanikancin famfunan ban ruwa tun farkon dam, kuma bai san ko harafi ɗaya na kwamfuta ba. Yana jin hayaniyarmu ya leƙo, ya tambayi abin da ake yi. Da aka gaya masa ya yi tsaki.

Ya ce, "Ku dai yara na. Wa ag gaya muku ana auna inji da kunne? In munka so mu san hwamhon da yaf hi wani, ba mu karanta abin da anka rubuta ga jikinai, ba mu sauraren kukanai. Duro guda mu ka kawowa. Ruwa guda, tiyo guda, agogo guda. Wanda yac cika duro da wuri shi a gaba. Kuma sau ukku a ka yi, don na hwarko shina iya zama sa'a."

Sakatare ya ce ai kwamfuta ba ta jan ruwa. Baba ya ce to me take ja? Abokiyar aikina ta ce aiki mafi nauyi da muke ba su shi ne jera sunayen manoma gaba ɗaya bisa haruffa. Baba ya ce to wannan shi ne duro. A zuba musu sunaye iri ɗaya, ba ƙari ba ragi.

Haka aka yi. Ta kwafi jerin a faifai ta zuba a kowace. Ni kuwa zargina bai bar ni na huta ba. Na ce ban yarda ta danna tawa ba, ban kuma yarda a yi su lokaci ɗaya ba, don kada ɗaya ta janye wa ɗaya wuta. Na ce a canja musu soket bayan kowane gwaji. Na karɓi agogon Baba na gwada shi da na sakatare, ko yana gudu. Baba ya dube ni ya ce da ni makaniki ne da na yi suna, ko kuma da an daɗe da korata. Aka amince sakatare ne zai danna, Baba ya riƙe agogo, ma'aji ya rubuta a bayan ambulan.

Aka fara da tata. Sakatare ya danna, Baba ya zuba wa agogo ido. Kafin dogon hannun agogo ya gama zagaye ɗaya, sunaye suka jeru. Aka zo tawa. Hannun agogo ya zagaya, ya sake zagayawa, ya kama na uku, sannan ta kawo. Aka maimaita sau uku, aka canja soket, bambancin bai motsa ba. Baba ya maida agogonsa ya ce, "Wagga ta gaji. Ko an taɓa ta, ko tana da ciwo. Ni dai awo na sani."

Ba zan ɓoye ba, na ji kaina ya yi girma. Na dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. Sakatare ya aika a kira Injiniya.

Ya zo da jakar kayan aikinsa bayan azahar. Na lura ya rame a ido, kuma daga baya na ji cewa a makon nan mutum uku sun je sun karɓe rediyonsu ba a gyara ba. Duk da haka ya tsaya ya gaida kowa yadda ya kamata, ya tambayi gida da iyali da gajiya da ruwa, har ni. Na amsa masa a taƙaice. Sakatare ya gaya masa abin da ake ciki ba tare da kwana-kwana ba, ya nuna masa bayan ambulan.

Injiniya ya karanta, ya tambayi yadda aka yi awon. Da Baba ya bayyana masa, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Awon ga daidai na. Ko can inda a ka ƙera su, haka su ka yi: aiki guda, agogo guda. In awo ya ce ta yi nawa, to ta yi nawa. Ku bar ni in buɗe su gabanku."

Ya kwance murfin duka biyun. Ya ɗaga wani ɗan ƙarfe mai haƙora, ya nuna mana furosesa a kowace, baƙi, mai rubutu a bayansa. Ya ce sakatare ya karanta. Rubutu ɗaya, lamba ɗaya. Jikin 'yan kwamiti ya fara sanyi. Ni kuwa na ce, da ƙarfi don kowa ya ji, ai rubutu ba wuya gare shi ba, ko buhun taki ana canja masa. Na ƙara da cewa ai Baba da kansa ya ce ba a yarda da abin da aka rubuta a jikin inji. Injiniya ya maida murfi.

Ya juyo da tawa ta fuskance shi, ya kunna, ya tsaya yana kallon gabanta. Ya daɗe a haka. Sannan ya ciro ƙyalle daga aljihu, ya ɗiga masa wani ruwa daga 'yar kwalba, ya goge gaban na'urar kamar mai share datti. Ya sa yatsa ya danna wani maɓalli. Fitila mai ruwan ɗorawa ta kama.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a sake awo."

Tun kafin sakatare ya danna na gane maɓallin nan. Hannun agogo bai gama zagaye ɗaya ba ta kawo sunaye. Sau uku aka yi, sau uku tana kai ɗaya da 'yar'uwarta. Sai a lokacin aka lura da gaban ɗayar, wanda kwali ya saba rufewa, ga fitilarta nan tana ci, ashe kullum a haka take.

Injiniya ya yi bayani a hankali. Maɓallin na rage gudu ne, an yi shi saboda wasu tsofaffin ayyuka da ba sa son sauri. In fitila tana ci, na'ura tana kan cikakken ƙarfinta. In an kashe, ta koma tafiyar hawainiya. Ya ce tawa tun zuwanta wayar fitilar a sake take, shi ya sa ba ta taɓa ci ba. Da ya buɗe don gyara ya gani, sai ya maƙala ta, kyauta, bai ma ga abin faɗa a ciki ba.

Sakatare ya ce, "To wa ad danne shi?"

Kowa ya dubi na kusa da shi. Kalma uku ce kawai, ni na danna, amma ta ƙi fita. Ma'aji ya ce wataƙila garin shara ne tsintsiya ta taɓa. Injiniya ya ce wataƙila. Sakatare ya ba shi haƙuri a madadin ƙungiya, aka yi addu'a aka watse. Baba ne kawai ya tsaya yana kallona, sannan ya ce ashe a nan fitilar ɗorawa lafiya take nufi, su kuwa can ga famfo in ta kama gudu ake yi a kashe inji. Ya juya ya fita.

Kwana uku ina fama da kaina. A rana ta huɗu na tafi shagon da hantsi. Na same shi shi kaɗai, kantocin da suka saba cika da rediyo rabinsu wayam. Muka gaisa, na zauna, na rasa ta inda zan fara. Daga ƙarshe na ce masa ni ne na danna maɓallin, kuma ni ne na fara kai maganar majalisa.

Bai ɗago daga abin da yake yi ba. Ya ce, "Na sani, Malam. Shatin yatsanka na nan bisa maɓallin, da tawadar dangwale. Kai ɗai ka riƙon ta ohis ɗin nan. Shi na goge."

Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba, alhali ina tsaye a kansa ina kiransa ɓarawo. Ya ce ya ga yadda abin yake in an taru a kan mutum ɗaya, bai ga amfanin a sake taruwa a kan wani ba. Ya ce ya yafe. Na yi kuka a shagon nan, ni da gemuna, ban kuma ji kunyar kukan ba kamar yadda na ji kunyar shirun da na yi a ofis.

Na koma majalisa na faɗi gaskiya, na faɗa wa sakatare, na faɗa wa mai shayi. Sun saurara, sun ce Allah ya kyauta. Amma labarin fitila da maɓalli ba shi da daɗin bayarwa kamar labarin satar ƙwaƙwalwa, don haka bai yi nisa ba. Wasu sun koma shagonsa, wasu ba su koma ba. Bayan shekara biyu, a motar Bakura, na ji wani da ban taɓa gani ba yana gargaɗin maƙwabcinsa kada ya bar rediyonsa ya kwana wajen mai gyaran nan na tasha. Har da cewa abu yakan tafi da gudu ya dawo da rarrafe. Na ce masa ƙarya ne, ni na san maganar daga tushe. Ya dube ni sama da ƙasa ya tambaya ko ɗan'uwana ne.

Da fankar ɗakina ta lalace, da gangan na ɗauke ta na kai wa Injiniya, don a gan ni ina shiga. Na ajiye na ce zan dawo jibi, ya yi a tsanake. Ya karɓe ni da fara'a kamar kullum, ya tambayi iyali. Sannan ya jawo wani ɗan benci da ban san da shi ba, ya ajiye shi daidai gaban teburin aikinsa, inda mai zama zai ga hannuwansa duka biyu.

Ya ce, "A'a, Malam. Yanzu kayan kowa ba su kwana nan. Zamna ka gani."

Na ce masa ni na yarda da shi, wallahi na yarda. Ya ce ya sani. Ya ɗauki sukundireba ya jira. Na zauna a bencin, ya kwance fankar a gabana, yana nuna mini kowane ƙarfe kafin ya ajiye shi.